Mama Margarita, Mahaifiyar Don Bosco da Marayun Valdocco

Kowace shekara ranar 31 ga Janairu Ikilisiya takan tuna da Waliyi Yohanna Bosco, wanda duniya ta fi sani da Don Bosco, uba da malamin matasa. Da yawa daga cikinmu mun san hotonsa, yana sanye da baƙar rigar firistoci, yara sun kewaye shi. Amma akwai wata da ba a cika sa ta a hoton ba, alhali kuwa ita ce take dafa abincin da yaran nan suke ci, ita take wanke tsummokinsu, ita take ɗinke wandunansu idan sun yage, har shekara 10 cif, ba albashi, ba kuwa wani wa'adin zaman zuhudu da ya ɗaure ta. Mahaifiyarsa ce, Margarita Occhiena. Tarihinta nake so in kawo muku a wannan fitowa, domin iyayenmu mata da samari da 'yan matan da suke ba da lokacinsu ga koyarwar yara a majami'unmu, da kuma domin waɗanda aka roƙe su su taimaka suka ce ba su da ilimi, ko kuwa sun tsufa.

An haifi Margarita ranar 1 ga Afrilu 1788 a wani ƙauye da ake kira Capriglio, a yankin Piedmont da ke arewacin Italiya, aka yi mata baftisma a ranar da aka haife ta. Iyayenta manoma ne. Ba ta taɓa shiga aji ba, har ta mutu ba ta iya karatu ko rubutu ba. Ta tashi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, sa'ad da rundunonin ƙasashe dabam dabam suke ratsa ƙauyuka suna cinye abin da talaka ya noma. An ba da labari cewa tana 'yar shekara 11 waɗansu sojoji suka saki dawakansu a kan masarar da gidansu suka shanya, ta yi musu magana suka yi mata dariya, sai ta ɗauki cokalin kwasar ciyawa ta kori dawakan da kanta. Wannan hali na rashin tsoron faɗin gaskiya bai rabu da ita ba har tsufanta.

A shekara ta 1812, tana da shekara 24, ta auri Faransis Bosco, wani manomi da matarsa ta fari ta rasu ta bar masa ɗa ƙarami mai suna Antoniyo. Ta tare a Becchi, wata 'yar unguwa a kan tudu kusa da garin Castelnuovo, ta tarar da ɗan miji da kuma surukarta, tsohuwa mara lafiya. Ta haifi Yusufu a 1813, sa'an nan Yohanna ranar 16 ga Agusta 1815. Auren bai wuce shekara biyar ba. A watan Mayu 1817 Faransis ya dawo daga gona jiƙe da gumi, ya shiga ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa mai tsananin sanyi, ciwon huhu ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Abu na fari da Don Bosco yake iya tunawa a duk rayuwarsa shi ne wannan rana: ya ƙi fita daga ɗakin sai tare da mahaifinsa, mahaifiyarsa ta kama hannunsa tana kuka, ta gaya masa ba shi da uba kuma. Bai cika shekara biyu ba a lokacin, ita kuwa tana da 29.

Shekarar kuma ta yunwa ce. Damina ta lalace a yawancin ƙasashen Turai a 1816, hatsi ya yi tsada har ya ɓace daga kasuwa, ana tsintar gawawwakin mutane a saura da ciyawa a bakinsu. Margarita ta ba wani maƙwabci kuɗi ya nemo musu abinci, ya yi kwana biyu yana zaga kasuwanni, ya dawo mata da kuɗinta. A daren nan ta sa yaran suka durƙusa suka yi addu'a. Da suka tashi ta shiga garke, tare da maƙwabcin suka yanka ɗan maraƙin da suke kiwo, ta dafa, gidan ya ci. Duk manomi ya san abin da ake nufi da yanka maraƙi, watau yanka saniyar gobe ke nan. Daga baya aka kawo mata maganar wani aure mai kyau, da alkawarin za a sama wa yaran mai riƙo nagari. Ta ƙi, ta ce mai riƙo aboki ne kawai, ita kuwa uwa ce, ba za ta bar su ba ko da za a ba ta zinariyar duniya duka.

A nan ne aikinta na koyarwa ya fara, a cikin gidanta, da yara uku. Littafin katikizim ba ta iya karanta shi ba, amma yana kanta duka, domin ta haddace shi tun tana yarinya daga bakin firist. Majami'a tana da nisa, saboda haka ita ce ta koya wa 'ya'yanta addu'o'in safe da na yamma, ita ta shirya su domin furta zunubi na fari, ta raka su har wurin firist, ta fara shiga kafin su. Takan tuna musu kullum cewa Allah yana ganinsu. Idan dare ya yi taurari suka fito, sai ta nuna musu sama ta yi maganar Mahalicci; idan ƙanƙara ta lalata gonar inabi, ta koya musu haƙurin Ayuba. Akwai tsumagiya a kusurwar ɗakin, amma ba a san ranar da ta yi amfani da ita ba. Wata rana Yohanna ya fasa tulun mai tana kasuwa, mai kuwa yana da tsada. Ya yanko sanda, ya fere ta da kyau, ya tare ta a hanya ya miƙa mata, ya faɗi laifinsa. Ta dubi sandar, ta dube shi, ta yi dariya ta yafe, ta kuma gargaɗe shi ya riƙa tunani kafin ya taɓa abu. Ƙofar gidan ba ta rufuwa ga mabarata da matafiya. Wanda ya zo da dare yakan sami romo mai zafi da wurin kwana a rumbun ciyawa, ko da gidan da kansa yana cikin rashi.

Yohanna yana ɗan shekara 9 ya yi mafarkin nan da kowa ya sani, na taron yara masu faɗa da zagi da suka rikiɗe suka zama namomin jeji, sa'an nan suka zama 'yan raguna, aka kuma gaya masa da tawali'u da ƙauna zai rinjaye su, duka ba zai yi ba. Da safe kowa ya kawo fassararsa. Yusufu ya ce makiyayi zai zama, Antoniyo ya ce shugaban 'yan fashi, kaka ta ce kada a kula da mafarki. Margarita ita kaɗai ta ce mai yiwuwa firist zai zama. Ba da jimawa ba yaron ya fara tara yaran unguwa ranar Lahadi, yana tafiya a kan igiya, yana yi musu wasannin da ya koya a kasuwa, kuɗin kallo kuwa shi ne a yi addu'ar Rosari tare, a saurari wa'azin safe da ya haddace. Wata uwa da ta hana. Ita ta bar shi, tana sa ido. Ya karɓi Tarayya Mai Tsarki ta fari a Idin Ista na 1826, ita ce kuma ta shirya shi.

Wahala mafi zafi daga cikin gida ta fito. Antoniyo, wanda shi ne ƙarfin gonar, bai ga dalilin da zai sa shi ya yi ta huɗa ƙaninsa yana riƙe da littafi ba. Kada mu yi saurin hukunta shi: maraya ne gaba da baya, nauyin gida kuma ya hau kansa tun bai isa ba. Amma rikici ya kai ga duka, har Margarita ta ga babu mafita sai ta raba su. Ta ɗaura wa Yohanna 'yan tufafinsa, yana da kimanin shekara 12, ta aike shi neman aikin barantaka a gonar wasu mutane, iyalin Moglia, inda ya yi wajen shekara biyu yana kiwon shanu. A 1830 ta yarda aka raba ɗan gādon da mijinta ya bari domin Antoniyo ya kama gabansa, Yohanna kuma ya sami hanyar makaranta. Ya tafi garin Chieri a 1831, yana karatu yana aikin tela da na gidan shayi domin ya biya kuɗin ɗaki.

Akwai magana guda da ta yi a waɗannan shekaru wadda ya kamata iyayen masu shirin zama firistoci su ji. Yohanna ya yi tunanin shiga zuhudun Faransiskan, firist na garinsu kuwa ya shawarci Margarita ta hana shi, domin idan ya zama firist mai riƙe da majami'a zai iya kula da ita a tsufanta. Ta yafa mayafinta ta tafi Chieri, ta gaya wa ɗanta ya bi abin da Allah yake kiransa gare shi, kada ya sa ta cikin lissafi. Cikin talauci aka haife ta, cikinsa ta rayu, cikinsa take so ta mutu. Idan kuwa ya zama firist ya yi arziki, ƙafarta ba za ta taka gidansa ba. Ya shiga makarantar firistoci a 1835, aka naɗa shi firist a birnin Turin ranar 5 ga Yuni 1841. Da ya zo gida ya yi Mas, ta keɓe shi da dare ta gaya masa cewa fara yin Mas fara shan wahala ne, kada ya damu da ita, ya damu da ceton rayuka.

A ganin mutane aikinta ya ƙare ke nan. Tana zaune tare da Yusufu da matarsa, jikoki sun kewaye ta, kowa a Becchi yana girmama ta.

Turin kuwa a lokacin tana cika da yara 'yan ci-rani daga ƙauyuka da duwatsu, masu ɗaukar bulo da yashi a wuraren gini, masu share bututun hayaƙi, yawancinsu ba uwa ba uba a kusa. Fada Yusufu Cafasso ya kai sabon firist ɗin gidajen kurkuku, ya ga yara 'yan shekara 12 zuwa 18 a kulle, ƙwarƙwata tana cinsu. Don Bosco ya ba da labari cewa aikinsa ya soma ranar 8 ga Disamba 1841, sa'ad da mai kula da ɗakin shirin Mas ya kori wani yaro maraya da duka domin bai iya hidimar bagade ba, shi kuwa ya sa aka kira yaron, ya zauna ya koya masa alamar gicciye. Mu da muke ganin yadda akan kori yara da bulala daga bakin majami'a idan sun yi surutu, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai. Yaro ɗaya ya zama ɗaruruwa. Ana kiran taron Oratori, watau wurin addu'a da koyarwa da wasa na ranar Lahadi. An yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri saboda hayaniya, sai a Ista ta 1846 suka sami wata rumfa a Valdocco, a bayan gari, mallakar wani mai suna Pinardi. Wata uku bayan haka Don Bosco ya faɗi da ciwon huhu har aka ba shi shafewar marasa lafiya. Da ya farfaɗo aka kai shi Becchi wurin mahaifiyarsa ya yi jinya.

Da lokacin komawa ya yi sai wata matsala ta taso. Ɗakunan da ya kama haya a gidan Pinardi suna maƙwabtaka da gidan giya da mata masu zaman kansu, firist matashi kuwa ba zai zauna a irin wurin nan shi kaɗai ba tare da an yi ta magana ba. Firist na Castelnuovo ya ba shi shawara ya tafi da mahaifiyarsa. Ya daɗe yana jin nauyin faɗa mata. Tana da shekara 58, ta sha wahalarta ta gama, zai kuma ɗauke ta daga gidan da take sarauniya ya kai ta inda za ta zama mai aikin yaran titi. Da ya faɗa, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta nuna masa barin jikokinta ba abu mai sauƙi ba ne, sa'an nan ta ce idan yana gani nufin Allah ne, a shirye take. Surukanta mata da jikoki suka yi ta kuka.

Ranar 3 ga Nuwamba 1846 suka kama hanya da ƙafa, tafiyar kimanin kilomita 30, domin ba su da kuɗin keken doki. Shi yana ɗauke da 'yan littattafansa, ita da kwando mai ɗan kayan sawa da na girki. A bakin gari suka gamu da wani firist, Fada Vola, wanda da ya ga ƙurar da ke jikinsu ya ji ba su da ko anini, ya ciro agogonsa ya ba su su sayar. Suka tarar da ɗakuna kusan wayam. Margarita ta duba ko'ina ta yi dariya, ta ce a Becchi tun asuba take fama da shara da wanke-wanke da ba da umarni, a nan kuwa da yake babu kome za ta huta.

Ba ta huta ba. Kuɗin haya yana jira, ɗan ɗakin sujadar ba shi da kayan bagade, yara kuma suna zuwa ba takalmi ba riga. Suka sayar da ɗan filin da gonar inabin da suka rage musu a ƙauye. Sai ta aika aka kawo mata kayan aurenta, waɗanda ta adana fiye da shekara 30 ba ta taɓa su ba ko a shekarar yunwa. Rigar amarcinta ta zama rigar Mas, zannuwanta suka zama mayafan bagade da riguna, zobenta da sarƙarta ta zinariya aka sayar. Iyayenmu mata sun fi ni sanin abin da kayan ɗaki yake a zuciyar mace. Ita da kanta ta yarda daga baya cewa ranta ya sosu da ta ga kayan a hannunta karo na ƙarshe, sai ta lallashi kanta da tunanin inda za su.

Da farko yaran Lahadi kawai suke zuwa, da kuma makarantar dare. Don Bosco ya gwada ba waɗansu samari wurin kwana a rumbun ciyawa, da gari ya waye sun gudu da barguna. A watan Mayu 1847, wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani yaro ɗan shekara 15 daga kwarin Valsesia ya ƙwanƙwasa ƙofa, maraya, ya zo neman aikin gini, kuɗinsa sun ƙare. Margarita ta zaunar da shi kusa da murhu, ta shanya tufafinsa, ta ba shi romo da burodi. Ɗanta yana shakka saboda abin da ya faru a baya, ita ce ta ce a bar shi ya kwana. Suka jera bulo suka ɗora katako a ɗakin girki, gado ya samu. Kafin ya kwanta ta yi masa 'yar gajeriyar nasiha a kan aiki da gaskiya da addini, ta sa shi ya yi addu'a tare da su, sa'an nan ta kulle ƙofar ɗakin girkin, domin tausayinta bai hana ta tunawa da tukwanenta ba. Shi ne ɗan kwana na fari. Daga wannan nasiha ce 'yan Salesiyan suke ganin asalin al'adarsu ta yi wa yara 'yar magana mai daɗi kowane dare kafin barci.

Yawan 'yan kwana ya kai 36 a 1852, ya kai 115 a 1854, ban da ɗaruruwan da suke cika filin ranar Lahadi. Abincinsu miyar ganye da shinkafa ko taliya, da wani tuwon masara da mutanen ƙasar suke ci. Kowane yaro yakan karɓa a kwanonsa ya nemi dutse ko gindin bango ya zauna, ya wanke cokalinsa ya sa a aljihu. Yawancinsu tufa ɗaya gare su, saboda haka sai sun yi barci take bi tana tattara abin da ya yage, ta zauna gaban fitila tana ɗinki har tsakar dare, sau da yawa ɗanta yana gefe yana gyaran takalma. Ta yi ɗan lambu na kayan miya, tana kiwon kaji. Ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba, amma ɗakin girkinta makaranta ne. Yaron da aka kora daga wurin aiki, da wanda aka zalunta, da wanda ya yi laifi yana tsoron haɗuwa da Don Bosco, duk can suke zuwa. Ta ba shi ɗan abin taɓawa, ta faɗa masa gaskiya da karin maganar ƙauye, ta tambaye shi yaushe rabonsa da furta zunubi. Kowa yana kiranta Mama.

Kada kowa ya ɗauka cewa ba ta gaji ba. Wajen shekara ta 1850, bayan yaƙin da Piedmont ta yi da Ostiriya, wasan soja ya shiga ran yaran, wani tsohon soja kuma yana koya musu faretin da bindigogin katako. Wata Lahadi rundunar da aka ci da yaƙi ta ja da baya ta cikin lambun Mama, masu nasara suka bi su, aikin watanni ya zama turɓaya. Wannan ya zo a kan sauran abubuwa: wankin da ta shanya a jefar a ƙasa, tufafin da ta ɗinke jiya a dawo da su a yage, cokula da tukwane su ɓace domin wasa. Wani dare ta ajiye allura ta gaya wa ɗanta ba za ta iya kuma ba, ya bar ta ta koma Becchi ta ƙarasa kwanakinta cikin salama. Don Bosco bai yi mata gardama ba, bai kuwa yi mata alkawarin yaran za su gyaru ba. Ya dube ta, ya ɗaga hannu ya nuna mata gicciyen da ke rataye a bango. Ta dube shi, hawaye ya zubo mata, ta ce yana da gaskiya, ta ɗauki allurarta. Ba a ƙara jin ta yi maganar komawa ba.

Na sha jin ana kawo wannan labari a wa'azi, ina kuma so in ja kunnenmu, mu firistoci da shugabannin majami'a, a kansa. Wanda ya nuna mata gicciyen mutum ne da yake zaune a gefenta da tsakar dare yana ɗinkin takalmi, yana ɗaura gyale yana raba miya da hannunsa. Wanda ya bar mace ɗaya da yara 80 a ƙarƙashin itace ba allo ba benci, shi yana zaune a inuwa, ba shi da ikon nuna mata gicciye ranar da ta ce ta gaji. Margarita ma ba ita kaɗai ta ɗauki kayan ba. 'Yar'uwarta Mariyana ta zo ta zauna tare da ita. Uwargida Gastaldi, mahaifiyar firist ɗin da ya zama Babban Bishop na Turin daga baya, takan zo ta duba tsabtar yaran da gadajensu, ta kwashi wanki ta rarraba wa matan gari. Waɗansu iyaye mata suka biyo baya, har ɗakin ɗinkin ya zama kamar wata ƙaramar zumuntar mata.

A damina ta 1854 annobar kwalara ta faɗa wa Turin, ta fi tsanani a unguwar Borgo Dora da ke jikin Valdocco, mutum wajen 1,400 suka mutu a birnin. Tsoro ya sa mutane suna gudu su bar 'yan'uwansu a kwance. Don Bosco ya nemi masu sa kai daga cikin manyan yaransa, 14 suka fito, sa'an nan waɗansu 30 suka bi su, suna jinyar marasa lafiya a gidaje da wuraren keɓewa. Sukan tarar da majiyyaci ba ko zanen rufa, sai su rugo wurin Mama. Ta ba da zannuwan gado, ta ba da riguna, ta ba da mayafinta, ta ba da mayafin tebur. Ranar da wani yaro ya zo babu sauran kome, ta shiga majami'a ta ɗauko mayafin bagade ta ba shi, tana ganin jikin mara lafiya jikin Yesu ne. Ko ɗaya daga cikin yaran nan kwalara ba ta kashe ba. Da annobar ta wuce, gidan ya ƙaru da marayun da ta bari, waɗansunsu ƙanana ƙwarai, su ma suka zama rabon Mama. A watan Oktoba na shekarar ne wani yaro ɗan shekara 12, Dominik Savio, ya shigo gidan. Ita da take lura da yadda yara suke addu'a, ta gaya wa ɗanta yana da yaran kirki da yawa, amma babu wanda ya kai wannan kyan zuciya. Shekara 100 bayan haka, a 1954, Ikilisiya ta sa Dominik cikin waliyyai.

A watan Nuwamba 1856 ciwon huhu ya kwantar da ita, irin wanda ya ɗauke mijinta. Yusufu ya zo daga Becchi. Fada Borel, wanda take furta zunubi a wurinsa, ya ba ta sakramenti na ƙarshe. Ta yi wa Don Bosco gargaɗi irin na uwa: ya lura, domin akwai masu neman amfanin kansu a cikin aikin, akwai kuma masu son talauci a jikin wasu ban da nasu, abin da zai nema a wurin mutane ya fara yinsa shi da kansa. Ta tuna masa cewa dā ita take taimakonsa ya karɓi sakramenti, yanzu kuwa shi zai taimake ta. A daren ƙarshe ta roƙe shi ya fita daga ɗakin, domin ganin wahalarsa yana ninka tata. Ta rasu da ƙarfe 3 na asuba ranar 25 ga Nuwamba 1856, tana da shekara 68. Bayan sa'a biyu Don Bosco ya tafi majami'ar Maryamu Mai Ta'aziyya ya yi Mas, ya gaya wa Uwar Yesu cewa shi da yaransa ba su da uwa a duniya yanzu, sai ta tsaya musu. Sau da dama ya ba mahaifiyarsa kuɗi ta sayi sabuwar riga, kuɗin suka ƙare a takalman yara. An binne ta a kabarin talakawa, wurin kuma ya ɓace.

Abin da Don Bosco ya rubuta a 1877 game da hanyarsa ta tarbiyya, wadda ta tsaya a kan hankali da addini da ƙauna, da zama tare da yaro domin a riga laifi maimakon a jira a hukunta shi, duk wanda ya san gidan Becchi zai gane inda ya koyo shi. A 1876 ya kafa ƙungiyar Mataimakan Salesiyan domin maza da mata da suke zaune a gidajensu suna ba da hannu ga aikin yara. 'Ya'yansa firistoci sun iso Nijeriya a 1982, suka fara a Akure da Ondo. Fada Lemoyne ya rubuta tarihin Margarita ya miƙa wa Don Bosco a 1886, ya karanta da hawaye, shekara biyu kafin rasuwarsa. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin waliyyai ranar Ista, 1 ga Afrilu 1934, wadda ta zo daidai da ranar haihuwar mahaifiyarsa. An buɗe binciken rayuwarta a Turin a 1995, ranar 23 ga Oktoba 2006 kuma, a zamanin Paparoma Benedict na 16, Ikilisiya ta shaida cewa ta yi rayuwar bangaskiya da bege da ƙauna da jaruntaka, aka ba ta laƙabin Mai Daraja, matakin da yake zuwa kafin a kira mutum Mai Albarka.

A Valdocco kuwa, bayan jana'iza, yara fiye da 100 suna bukatar abincin dare, kwandon ɗinki kuma yana nan cike. Mariyana ba ta da lafiya, ta rasu a shekara mai zuwa. Sai wani matashi mai shirin zama firist, Mika'ilu Rua, wanda daga baya ya gāji Don Bosco a shugabancin Salesiyan, ya je gida ya yi wa mahaifiyarsa magana. Ita ma gwauruwa ce, ta haura shekara 50. Ta rufe ɗakinta ta zo, ta kama aikin, ta yi ta hidimar yaran Don Bosco kusan shekara 20, har rasuwarta a 1876.